Kafin a sake kunna na'urar Tawa

Litinin, 5 ga Fabrairu 2024, Yamai

Yau na fara aikin sabunta na'urorin wata ƙungiyar ƴan kasuwar albasa da nake kula da su shekara uku ke nan. Babbar na'urar tana Tawa, cikin wani ɗan ɗaki a bayan biron Alhaji, shugaban ƙungiyar. Lissafin buhunan da ake ɗaukowa daga Galmi da kewaye, bashin iri da taki da aka ba manoma, da takardun manyan motocin da ke gangarawa Gana da Kodebuwa, duk a cikinta suke. Ni kuwa ina Yamai. Tsakanina da ita fiye da kilomita 500 ne, ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, tafiyar wuni guda a bas. Duk abin da zan yi mata daga nan nake yinsa ta intanet, kuma in ta mutu ta ƙi tashi, hannuna ba ya kai wa gare ta.

A 2021 na girka mata FreeBSD 13.0, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, yanzu tana kan 13.2. Faifai biyu gare ta, tagwaye, abin da aka rubuta a ɗaya yana cikin ɗayan, ƙarƙashin tsarin ajiya na ZFS. Ni rumbu nake kiran wannan haɗin faifai, sunansa a na'ura kuwa zroot. FreeBSD 14.0 ta fito a watan Nuwamba, kuma da zarar 13.3 ta fito, kwanakin da suka rage wa 13.2 na samun gyare-gyaren tsaro ƙidayayyu ne. Na gwammace mu ƙaura yanzu, kafin azumi da zafin bazara, kafin kuma hada-hadar albasa ta kai inda ba a iya kashe na'ura ko na awa ɗaya.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a nan ɗakina mai irin wannan tsari. A kanta zan fara koyon hannu.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Da gangan na lalata kwamfutar gwaji yau, don ina son in ga cutar da idona tun ba ta same ni a Tawa ba.

Na sabunta ta zuwa 14.0 da freebsd-update, manhajar sabuntawa ta FreeBSD, ta tashi lafiya. Sai na buga zpool upgrade zroot, umarnin da ke buɗe wa rumbu sabbin siffofi, ban taɓa komai ba bayan haka, na sake kunna ta. Allo ya yi baƙi, ya kawo layi guda: ZFS: unsupported feature: com.delphix:head_errlog. Daga nan ba ta ƙara motsi ba. Fayil ko ɗaya bai ɓace ba, komai na nan cikin rumbu, amma mai buɗe ƙofar ya ce bai san wannan kwaɗon ba.

Ga yadda abin yake, don wanda zai gaje ni a wannan aiki. Idan aka kunna kwamfuta, ba babbar manhaja ce ke fara tashi ba. Akwai wata ƙaramar manhaja da muke ce wa loda, ita ce ke fara karanta faifai, ta lalubo zuciyar tsarin cikin rumbu, ta ɗora ta, sannan ta ja gefe. Wannan loda tana da nata karatun ZFS daban, ɗan taƙaitacce, da jerin siffofin rumbu da ta sani a ranar da aka gina ta. Kuma ba cikin rumbun take zaune ba, tana wani ɗan yanki nata a farkon faifai. Shi freebsd-update yana kawo sabuwar loda ya ajiye ta a /boot, amma ba ya kai ta wancan yankin. Mutum ne zai kai ta da hannunsa. In bai kai ba, tsarin ya zama na bana, loda kuwa ta shekarar da aka girka na'ura.

Muddin rumbu bai canza ba, tsohuwar loda tana karanta shi ba gardama. Amma 14.0 ta zo da OpenZFS 2.2, wato sabon zubin ZFS, da sabbin siffofi irin su head_errlog, vdev_zaps_v2, blake3 da block_cloning. Kowace siffa tana cikin ɗayan hali uku. Ko dai disabled, wato a rufe take. Ko enabled, an ba da izini amma ba a fara aiki da ita ba. Ko active, ta riga ta canza yadda ake rubutu a faifai. Ita head_errlog ba ta jira, ana buɗe ta take zama active, kuma ba ta komawa baya.

Gyaran ya ɗauke ni minti goma, don kwamfutar na gabana. Na tada ta da kile, wato ɗan faifan USB, mai ɗauke da 14.0, na rubuta mata sabuwar loda. Tsohuwa ce, ta tsohuwar hanyar tashi da ake kira BIOS take tashi, saboda haka umarnin shi ne gpart bootcode -b /boot/pmbr -p /boot/gptzfsboot -i 1 ada0. Ta tashi.

Wani abu da na gwada kuma ya ba ni tsoro: na yi ƙoƙarin komawa tsohon muhallin 13.2, wato kwafin tsarin kafin sabuntawa, da na adana da umarnin bectl. Bai hau ba. Zuciyar 13.2 ma ba ta san sabon rumbun ba. Ashe tsanin da muke dogara da shi in sabuntawa ta ɓaci, zpool upgrade yana sare shi.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na'urar Tawa ta koma 14.0 daren jiya, bayan an rufe biro. Sau biyu aka sake kunna ta, sau biyu ta dawo. Manhajar lissafi tana aiki.

Ban taɓa rumbu ba, kuma ban da niyyar taɓa shi nan kusa. Babu siffa ɗaya cikin sabbin da ƙungiyar albasa ke buƙata yau. Ko block_cloning ɗin da ake ta magana, FreeBSD 14.0 da kanta ta zo da shi a kashe, kuma ƙarshen bara an yi ta fama da wani aibi na lalata bayanai da ya fi bayyana tare da shi, sai da aka fitar da gyara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Zan bar rumbu yadda yake wata biyu, hanyar komawa 13.2 na buɗe, sai in je Tawa da kaina bayan salla in ƙarasa.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ina rubuta wannan bayan isha'i, jikina bai gama daina rawa ba.

Akwai wani yaro, ɗan ƙanin Alhaji, da na koya wa duba lafiyar faifai kowane mako. Yaro ne mai himma, da ba don shi ba da ban iya riƙe wannan na'ura daga nesa ba. Ana gama la'asar ya kira ni.

"Yaya, ina wuni? Na duba na'ura, na ga ta kawo wani saƙo, amma na gyara."

"Wane saƙo ke nan?"

"Ta ce akwai siffofin da ba a buɗe ba, a yi zpool upgrade. Na yi, yanzu saƙon ya tafi."

Ban yi masa faɗa ba, don ba shi da laifi. Na'ura ce ta ce masa ga abin da za a yi, ni kuma da na san ramin ban gaya masa ba. Na ce, "Ƙanena, saurara da kyau. Kada ka kashe ta, kada ka bari kowa ya kashe ta. Akwai wuta yanzu?" Ya ce akwai, amma jiya da magariba aka ɗauke.

Nan ne hankalina ya tashi. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, wanda ya yi irin wannan kuskure yana da mako guda ya gyara a natse, tunda shi ke zaɓar ranar da zai sake kunna na'ura. Mu ba mu ke zaɓa ba. Tun watan Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuran ya zama baƙo, ya zo ya tafi ba sallama. Akwatin batir ɗinmu, ondilar, ba ya riƙe na'ura fiye da minti ashirin, kuma shi ne ke riƙe da ɗan akwatin intanet da nake shiga ta cikinsa. In wuta ta tafi batir ya ƙare, na'ura za ta mutu, in ta dawo kuma tsohuwar loda ce za ta tarbe ta.

Na sa yaron ya ba Alhaji waya.

"Malam, lafiya dai? Kada dai lissafin mutane ya ɓace."

"Alhaji, Allah ya ƙara girma, lissafi na nan daram. Roƙona ɗaya, a zuba mai a gurup, injin wuta, yanzu, a sa mutum kusa da shi. In an ɗauke wuta a tada shi nan take, har sai na ce a kashe."

"An gama, Malam."

Na shiga na'ura. Abu na farko, zpool get all zroot, na duba siffofi: head_errlog tana active. Babu sauran fata ke nan cewa tsohuwar loda za ta wuce.

Yatsuna sun riga sun fara buga umarnin da na yi amfani da shi ranar Laraba, har na kai -i 1, sai na tsaya. Wannan lamba ɗaya nufinta yanki na farko a faifai. A kwamfutar gwaji yanki na farko shi ne freebsd-boot. A nan fa? Na share layin, na tambayi na'urar da kanta. Umarnin sysctl machdep.bootmethod ya amsa UEFI, wato sabuwar hanyar tashi, ba BIOS ba. Shi kuwa gpart show ya nuna yanki na farko efi ne mai girman 260M, na biyu freebsd-boot mai 512K, na uku musaya (swap), inda na'ura ke ajiyar wucin gadi, na huɗu rumbu. Da na danna wancan umarni, da na zuba lodar BIOS a kan yankin efi na niƙe abin da ke ciki, wato ainihin wurin da na'urar ke tashi daga gare shi. Umarnin daidai yake a Yamai, guba ne a Tawa. Shi ya sa nake jin tsoron mutanen da ke aiko wa juna umarni ta WhatsApp suna cewa buga wannan kawai, ba tare da sun ga tsarin faifan ba.

Na buga efibootmgr -v don in san takamaimai fayil ɗin da na'urar ke nema in za ta tashi. Ya nuna efi/freebsd/loader.efi a faifai na farko. Akwai kuma kwafi na biyu, efi/boot/bootx64.efi, wanda na'ura ke komawa gare shi in ta manta jerin da aka ba ta, abin da ke faruwa in ɗan batirin da ke cikinta ya mutu. Dukansu biyu kwanan watansu 2021.

Ina cikin ajiye kwafin tsofaffin ne allo ya daskare.

Na kira yaron. "Yaya, an ɗauke." Ina jin ondilar tana kuka a bayansa. Sai na ji ana jan igiyar gurup, sau ɗaya, sau biyu, bai kama ba. Ƙura ta cika shi, an kwana biyu ba a tada shi ba. Ba abin da zan iya daga Yamai sai salati. A ja na biyar ko na shida ya kama. Na'ura ba ta mutu ba, eriyar unguwar ce ta ɗan yi numfashi, bayan minti huɗu hanya ta dawo.

Na kwafi /boot/loader.efi zuwa wuraren nan biyu. Na kwatanta kowanne da na asali da cmp, bai ce komai ba, alamar babu bambanci ko na harafi ɗaya. Ban tsaya nan ba, na leƙa cikin fayil ɗin da strings na nemi kalmar head_errlog. A sabuwar loda ta fito, a tsohuwar da na ajiye babu ita. Wannan gwaji na ƙarshe shi ya fi kwantar mini da hankali, don ya nuna mini ƙuru-ƙuru cewa wadda za ta karanta rumbun ta san sunan abin da za ta tarar.

Ban sake kunna ta ba. Na roƙi Alhaji a bar gurup yana aiki duk lokacin da babu wuta.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Da asuba na tuna faifai na biyu.

Tagwayen da ZFS ke kulawa da su yanki na huɗu ne kawai. Yankin loda ba ya cikin lissafinsa, ba wanda ke kwafe shi daga faifai zuwa faifai. Na gwada buɗe yankin efi na ada1, ya ƙi, ashe ko tsarin ajiya na FAT da UEFI ke karantawa babu a kansa. Fanko ne tun 2021. Ma'ana shekara uku ina gaya wa Alhaji cewa in faifai ɗaya ya mutu ɗayan zai ɗauki aiki, alhali da na farkon ne ya mutu, bayanai za su tsira amma na'ura ba za ta tashi ba. Wannan ya dame ni fiye da abin jiya, don alkawari ne na yi wa mutum ban taɓa gwada shi ba.

Tunda girman yankunan ɗaya ne, na sauke /boot/efi, na kwafe ada0p1 kacokan zuwa ada1p1 da dd, na duba sunayen sau uku kafin in danna. Na buɗe na biyun, fayilolin na nan, cmp ya yi shiru. Na ƙara masa suna a jerin efibootmgr. Sannan na sabunta yankin freebsd-boot na faifan biyu, wannan karon da -i 2, don in wata rana aka ɗauki faifan aka sa a tsohuwar kwamfuta mai BIOS, su tashi a can ma. Jimla wuri shida loda take zaune a wannan na'ura, huɗu na UEFI, biyu na BIOS.

Saura hanyar ceto. Kilen da ke cikin aljihun teburin biro na 13.0 ne, lodar da ke kansa ita ce dai tsohuwar, ba zai warkar da komai ba. Sauke sabon hoto da intanet ɗin Tawa zai cinye kuɗin wata. Na rubuta 14.0 a kile biyu a nan, na gwada kowanne, na sa su cikin ambulan da takarda mai shafi ɗaya da na rubuta da Hausa: wane maɓalli za a danna, me za a gani, me za a buga. Na kai tasha, bas ɗin asubar gobe zai tafi da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Saƙo ya isa da yamma. Na sa yaron ya tada wata kwamfutar biro da kilen, muna waya, har ya kai inda ake buga umarni. Ya yi sau biyu, na biyun ban ce masa komai ba.

Ya ce, "Yaya, ka yafe mini abin da na jawo." Na ce masa dalilinsa aka gano faifan da ba ya tashi, kuma gaskiya na faɗa.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ƙarfe 9 na safe, biro a rufe, akwai wuta, gurup cike da mai. Na fara da aika kwafin rumbu na daren jiya zuwa faifan waje, yaron ya cire shi ya ajiye a ɗakin Alhaji. Ya jona allo da madannai, ya tsaya da waya a kunne, kile a hannu.

Na buga shutdown -r now. Hanya ta yanke.

"Me kake gani?"

"Baƙi ne, Yaya. To, ga tambari. Ga jerin zaɓi yana ƙirga. Rubutu na gudu."

Minti biyu da wani abu na shigo. Umarnin zpool status ya ce faifai biyu lafiya.

Sai gwaji na biyu, wanda ya kamata a ce na yi shi tun 2021. Muka kashe ta gaba ɗaya, ya zare wayar faifai na farko, ya kunna. Ta tashi daga na biyu, rumbu ya koka cewa ɗan'uwansa ba ya nan, amma manhajar lissafi ta buɗe. Muka kashe, ya mayar da wayar, muka kunna, ZFS ya cike ɗan giɓin da aka samu cikin daƙiƙu kaɗan.

Na kira Alhaji na ce a kashe gurup. Ya tambayi kuɗin man da aka ƙona kwana huɗu a kan wa yake. Na ce a cire daga kuɗin aikina. Ya ce sai mun haɗu.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Kwana biyar, an ɗauke wuta har batir ya ƙare sau biyu, duka biyun ta tashi da kanta.

Na koma na karanta abin da zai hana wannan tun farko. Tun OpenZFS 2.1 rumbu yana da wata kadara mai suna compatibility. Ana ba ta sunan ɗaya daga cikin fayilolin da ke /usr/share/zfs/compatibility.d, daga nan zpool upgrade ba zai buɗe wata siffa da ba ta cikin wannan jeri ba, kuma saƙon da ya ja hankalin yaron ba zai fito ba. Da ranar 10 ga wata na sa openzfs-2.1-freebsd, da ko ya buga umarnin ba abin da zai faru. Akwai kuma zpool checkpoint, wanda ke riƙe hoton rumbu gaba ɗaya har da siffofinsa, a iya komawa kansa bayan sabuntawa. Sai dai duk abin da aka rubuta bayansa zai tafi, kuma muddin yana nan ba a iya ƙara ko cire faifan tagwaye, saboda haka na awanni ne, a share shi da an tabbatar komai lafiya. Na gwada shi a kwamfutar gwaji da sabon rumbu, ya dawo da ni inda na tsaya.

Saura ƙaramar na'urar reshen Ƙonni. Ita babbar manhajarta Debian ce, tsarin ajiyarta ext4, lodarta GRUB, ba ruwanta da ZFS, amma ramin iri ɗaya ne. A Fabrairun 2023 e2fsprogs 1.47.0, kayan aikin tsara ext4, ya fara kunna siffar metadata_csum_seed kai tsaye a duk sabon yankin da aka tsara, GRUB 2.06 na asali kuwa bai san ta ba, yana cewa bai gane tsarin ba. Sai a GRUB 2.12 na Disamban da ya wuce gyaran ya shiga fitowar hukuma. Faifan na'urar Ƙonni ya fara ƙara, za a canza shi, kuma in na tsara sabon da kilen ceto na zamani zan iya haifar da yankin da lodarta ba ta karantawa. Kafin komai zan duba siffofin da dumpe2fs -h, sannan in sa grub-probe na ita na'urar ya faɗi ko ya gane yankin.

A Ƙonni babu ondilar, babu kuma wanda ya taɓa buga umarni. Wannan ba zan yi shi daga nesa ba. Na yanki tikitin bas na Talata, 27 ga wata, sabon faifai da kile biyu suna cikin jaka. Daga can zan ƙarasa Tawa in canza batirin ondilar, in zauna da yaron mu bi takardar nan layi-layi.